Rumbun Hotuna a Cikin Gida: Wa Ke Riƙe da Makullin?

FILIN KIMIYYA DA FASAHA



Kusan kowane gida yanzu yana da waya ɗaya da ta zama akwatin tarihin gidan. A cikinta hoton sunan ƙaninka yake, da na saukar yayarka, da na kakarku ranar da ta dawo daga Makka. Wayar nan kuwa a aljihu take yawo. Tana iya faɗawa cikin ruwa, tana iya mutuwa ba sallama, ɓata-gari na iya ƙwace ta a bakin titi. In ta tafi, ina hotunan?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai suna Google." Gaskiya ne, wayoyin Android da yawa suna tura kwafin kowane hoto zuwa Google Photos, masu iPhone kuma zuwa iCloud. Turawa sun laƙaba wa wannan ma'ajiya suna "gajimare", amma babu abin da ya haɗa ta da sama. Dubban kwamfutoci ne jere a cikin manyan gine-gine masu sanyi, mallakar kamfani, a ƙasar da galibinmu ba mu taɓa takawa ba. Wato ɗakin haya ne. Mai gida ke tsara doka, shi ke yanke kuɗin haya, kuma yana da nasa makullin.

Google Photos ta fito a watan Mayun 2015 da alkawari mai daɗi: zuba hotuna iya son ranka kyauta, muddin ka yarda a ɗan rage musu nauyi. Duniya ta zuba. Daga ranar 1 ga Yuni, 2021 aka rufe wannan garaɓasa. Yanzu giga 15 ake ba kowa kyauta, kuma a cikinsu ne Gmail da Drive ma suke cin nasu rabon. Apple giga 5 kawai yake bayarwa. 'Yan ajin lissafi su ɗauko biro: idan hoto ɗaya ya kai megabait 4, giga 15 zai ɗauki hoto kusan 3,750 ne, kafin a sa bidiyon biki ko ɗaya. Daga nan sai biyan kuɗi duk wata, ko goge-goge. Haka dandalin Flickr ya yi a 2019, ya ce mai asusun kyauta kada ya wuce hoto 1,000. A shekarar ce kuma MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon shekara 12 sun salwanta a wajen sauya kwamfutoci.

Sai dai maganar kuɗi ita ce ƙarama a cikin lamarin.

Abin da hoto ke faɗa ba ka sani ba

Duk hoton da waya ta ɗauka yana tafe da wata ɓoyayyiyar takarda mai suna EXIF. A cikinta akwai rana da sa'a har da daƙiƙar da aka ɗauka, da samfurin wayar, kuma idan GPS a kunne yake, da ainihin wurin da mai ɗaukar ya tsaya. A watan Disambar 2012, 'yan sandan ƙasar Belize suna neman John McAfee, attajirin da ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta, don su yi masa tambayoyi kan kisan maƙwabcinsa. Ya gudu ya ɓuya. Sai 'yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa ba su goge wannan takarda ba. Nan take masu karatu suka gano yana Guwatemala, bayan 'yan kwanaki kuma aka kama shi a can. Darasi ne gare mu 'yan kulob ɗin jarida musamman.

To hoto ɗaya ke nan. Wanda ya riƙe hotunan mutum na shekara goma ya san gidansu, ya san makarantarsu, ya san lokacin da yake fita da wanda yake dawowa, da asibitin da yake zuwa, da mutanen da yake yawan zama da su. Na ƙarshen nan yana samuwa ne ta hanyar gane fuska, kuma a kansa aka yi manyan shari'o'i a Amurka. Jihar Illinois tana da doka tun 2008 da ta hana kamfani ɗaukar ma'aunin fuskar mutum ba da rubutaccen izininsa ba. A ƙarƙashinta Facebook ya amince ya biya dala miliyan 650, Google kuma ya amince da dala miliyan 100 a 2022 kan yadda Google Photos ke haɗa fuskoki. A watan Nuwamban 2021 Facebook ya sanar da cewa zai goge ma'aunin fuskar mutum fiye da biliyan ɗaya da ya tara.

Akwai kuma labarin da jaridar New York Times ta buga a watan Agustan 2022. Wani uba a birnin San Francisco, a lokacin korona, ɗansa ƙarami ya samu kumburi a al'aura. Asibiti suka ce a turo hoto likita ya duba kafin ganawa ta bidiyo. Ya ɗauka, wayarsa kuma ta tura kwafi zuwa Google kamar yadda ta saba. Na'urar kamfanin da ke farautar hotunan cin zarafin yara ta ɗauka laifi ne, aka rufe asusunsa, aka kai rahoto. 'Yan sanda suka bincika suka ce babu laifin da aka aikata, amma kamfanin bai mayar masa da asusun ba. Imel na shekaru, lambobin mutane, hotunan farkon rayuwar ɗansa, duk suka tafi. Ita na'urar don kare yara aka kafa ta, kuma aiki ne mai kyau. Abin lura shi ne, akwai idon da ke bin abin da ka ajiye, kuma ranar da ya yi kuskure babu ofishin da za ka je ka kama ƙafa.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Google ya ce ba ya amfani da hotunan Google Photos wajen talla. Kuma injiniyoyinsa sun fi kowannenmu iya tsare kwamfuta daga ɓarayin intanet, nesa ba kusa ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Rumbun tsakar gida

Wasu masana sun ce, tunda kwamfuta ce kawai a can, me zai hana mu ajiye tamu a nan? Sai a samu kwamfuta ɗaya a gida ko a makaranta, a sa mata faifan ajiya babba, a ɗora mata manhajar da za ta riƙa karɓar hotuna daga wayoyin 'yan gida. Kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori irin wannan hidima ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke.

Manhajar da ta fi tashe a wannan fage ita ce Immich. Wani injiniya mai suna Alex Tran ne ya fara rubuta ta a 2022, lokacin da suka samu ƙaruwa, yana neman inda iyalinsa za su adana hotunan jariri ba tare da sun miƙa wa kamfani ba. Ya saki rubutun manhajar a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. Masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka shigo. A 2024 wata ƙungiya a jihar Texas mai suna FUTO ta ɗauki nauyin jagororin aikin don su mai da hankali a kansa kaɗai, a watan Oktoban 2025 kuma suka fitar da sigar 2.0, wadda suka ce ita ce ta farko da ta zauna da gindinta. Akwai takwarorinta: PhotoPrism, wadda aka fara a Berlin ta Jamus a 2018, da Nextcloud, da Ente.

Wannan sakin rubutu a fili ya fi ƙarfin maganar kyauta. Idan manhaja ta ce ba ta tura hotonka ko'ina, kuma rubutunta a buɗe yake, dubban masana za su iya dubawa su ƙaryata ta. Ta rufe kuwa sai dai ka yarda da bakin mai ita.

Yadda take aiki ba wuya a fahimta. Za ka sa manhajar Immich a wayarka, ka ba ta adireshin sabar gidanku. Duk lokacin da wayar ta hau Wi-Fi ɗin gidan, sabbin hotuna za su gangara cikin kwamfutar. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: rauta tana iya haɗa waya da kwamfuta a cikin gida ko da babu data a cikinta ko kaɗan, domin saƙon bai fita waje ba. Ke nan tura bidiyon giga 2 ba zai ci maka ko kwabo ba. Faifai mai terabait 1, wato giga 1,000, zai ɗauki hoto kusan 250,000 a lissafinmu na ɗazu. Tsohuwar laftof mai RAM giga 8 ta wadatar.

Yadda kwamfuta ke gane fuska

Tara hotuna abu ne mai sauƙi, ko filash ma yana yi. Wahalar ita ce nemo hoto ɗaya a cikin dubu hamsin. Abin da ya sa mutane suka maƙale wa Google ke nan, domin za ka rubuta kalma ɗaya ya fito maka da abin da kake so. A da, wannan aiki sai manyan kwamfutocin kamfani. Yanzu ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta yi sauƙin da ƙaramar kwamfuta za ta ɗauke ta. Sau ɗaya za a sauko da ƙwaƙwalwar daga intanet, daga nan ko an zare wayar intanet za ta ci gaba da aikinta.

Mu fara da fuska. Aikin hawa uku ne. Da farko manhajar za ta bi hoto ta zana akwati a kan duk abin da ya yi kama da fuskar mutum. Na biyu, za ta mai da kowace fuska jerin lambobi, guda 512 a ƙwaƙwalwar da Immich ke zuwa da ita. Ka tuna tela. In ka kai ɗinki zai auna wuya, kafaɗa, hannu, tsawo, ya rubuta a littafi. Ko bai rubuta suna ba, in ya ga awo biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, zai ce wannan na mutum ɗaya ne. Bambancin shi ne, tela ya san wace lamba ce ta wuya, wace ce ta hannu. Su waɗannan 512 babu wadda za ka nuna ka ce ga tsawon hanci. Na'urar ce ta ƙirƙiro wa kanta abin aunawa, bayan an nuna mata miliyoyin fuskoki ana ce mata waɗannan biyu mutum ɗaya ne, waɗancan biyu kuwa daban.

Hawa na uku, sai ta tara fuskokin da lambobinsu suka yi kusa wuri ɗaya, ta ce ga wani mutum, ya fito a hoto 340. Ba ta san sunansa ba, ba ta san ko waye shi a wurinka ba. Kai ne za ka duba ka rubuta "Kaka" ko "Baffa". Daga ranar, duk sabon hoton da ya shigo da fuskar Kaka zai tafi wurin 'yan uwansa.

Tana kuskure, kuma kuskurenta yana da ban dariya wani lokacin. Tagwaye suna rikita ta, haka 'yan uwa masu kama. Jariri ɗan wata biyu da shi kansa yana shekara bakwai tana iya raba su gida biyu, sai ka haɗe su da hannunka. Mai rawani da ya ja amawali, da amaryar da aka yi wa kwalliya mai nauyi, da hoton dare a hasken fitilar waya, duk suna ba ta aiki.

Akwai kuskuren da ba na dariya ba. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini 'yar asalin Ghana da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha, suka gwada na'urorin manyan kamfanoni uku da ke duba hoto su ce namiji ne ko mace. Sun yi amfani da hotunan 'yan majalisa daga Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu da ƙasashe uku na arewacin Turai. A kan maza farare kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙaƙe ya kai har kashi 34.7. A ƙarshen 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada tsare-tsaren gane fuska 189, ta tarar da yawancinsu sun fi ɗaukar mutum biyu a matsayin mutum ɗaya idan fuskokin 'yan Afirka ta Yamma ne, ko ta Gabas, ko 'yan gabashin Asiya. Dalili a fili yake: ɗalibin da bai ga misalin abu da yawa a aji ba, a nan zai faɗi a jarrabawa. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma duk wanda zai ɗora irin wannan manhaja a nan ya sa ido, domin fuskokinmu ne waɗanda aka fi yi wa kuskure.

Kasuwar kalmomi da hotuna

Ɗaya basirar ta fi burge ni. Za ka rubuta "yaro a kan doki" ta fito da hotunan hawan sallah, alhali babu wanda ya taɓa zama ya rubuta wa hotunan suna. Sirrin wata dabara ce mai suna CLIP, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a watan Janairun 2021, bayan ya horar da ita da hotuna miliyan 400, kowanne tare da rubutun da aka samu a gefensa a intanet.

Ka ɗauka wata ƙatuwar kasuwa ce da aka tsara ta layi-layi, 'yan tumatir a gefe guda, 'yan kifi a nasu, 'yan takalma a can. Duk hoton da ya shigo, CLIP za ta duba shi ta ba shi rumfa a layin da ya dace, adireshin rumfar kuma shi ne wani jerin lambobi. Hikimar ita ce, kalmomi ma a cikin kasuwar nan ake ba su rumfa. Kalmar "doki" da hoton doki maƙwabta ne. To in ka rubuta abin da kake nema, manhajar ba ta sake buɗe hoto ko ɗaya ba. Adireshin kalmarka za ta lissafa, ta je layin, ta kwaso hotunan da rumfunansu suka fi kusa. Shi ya sa nema ke ɗaukar ƙiftawar ido, amma aikin farko na raba wa dubban hotuna rumfuna yana iya cin tsohuwar kwamfuta sa'o'i, har kwanaki.

Wanda ya tsara kasuwar shi ya san inda ya kai kowane kaya. Ƙwaƙwalwar da Immich ke zuwa da ita Turanci take ji, kuma a hotunan intanet ta yi karatu, inda kek da fiza suka fi ƙosai da dambu yawa nesa. Ana iya sauya ta da wata mai jin harsuna da yawa. Wasu daga cikinsu an gina su ne a kan NLLB, tsarin fassara na harsuna 200 da kamfanin Meta ya fitar a 2022, kuma Hausa na cikin harsunan. Amma jin kalmar "faifai" daban, sanin cewa na rufe ƙwarya ake nufi ba na garmaho ba shi ma daban.

Ko sunan gari, Immich ba ta tambayar kowa. Tana ɗauke da kundin sunayen garuruwan duniya na GeoNames a cikinta, da shi take mai da lambobin GPS su zama "Zariya" ko "Maraɗi". Zanen taswirar ne kaɗai take ɗaukowa daga waje, kuma ana iya kashe shi.

Sabon mai gida

Yanzu mun zo inda masu yabon wannan fasaha suka fi saurin wucewa.

A Immich kowa yana da asusunsa da kalmar sirrinsa, kuma a cikin manhajar wani ba ya ganin hotunan wani sai an ba shi. Amma a kan faifan ajiya hotunan suna zaune ne a buɗe, ba a kulle su da lambobin sirri ba. Duk wanda kwamfutar ke hannunsa zai iya buɗe jakar ya kalli na kowa. Shugaban sabar yana kuma iya sauya wa kowa kalmar sirri. Ke nan makullin da muka ƙwace daga hannun kamfani bai ɓace ba, hannu ya sauya.

A gida wa zai riƙe? Galibi yayan nan da ya iya kwamfuta. A cikin wayar Umma da ta 'yan mata kuwa akwai hotunan kamu da na lalle, waɗanda mata suka ɗauka a tsakaninsu ba mayafi, har da na ƙawaye da matan maƙwabta da ba su san ma an kafa wata saba ba. Ma'aikacin Google da ke wata nahiya bai san su ba, ba kuma zai haɗu da su a layi ba. Yaya da abokansa sun san su. A irin zamanmu, idon na kusa ya fi idon na nesa ciwo, kuma kowa ya ji labarin yarinyar da hotonta ya fita ya jawo mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. In ba a yi hattara ba, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Gane fuska yana ƙara wa lamarin kaifi. A da, mai son tara hotunan wata ɗaliba daga cikin hotunan makaranta na shekara shida sai ya kwana yana bincike. Yanzu danna fuskarta sau ɗaya ya isa: ga ta a fareti, ga ta a gasar muhawara, ga ta a filin wasa, kowanne da rana da wuri. Kasancewar basirar tana aiki a cikin gida ya hana kamfani gani, bai rage mata wannan ƙarfi ba ko kaɗan.

Akwai masu ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. Ente tana kulle kowane hoto tun a cikin waya kafin ya tafi, ta yadda ko mai sabar ba zai ga komai ba sai tarkacen lambobi, gane fuska da nema kuma a cikin wayar ake yin su. Farashin wannan tsaro shi ne, wanda ya manta kalmar sirrinsa, ya kuma yar da makullin ko-ta-kwana da aka ba shi, babu mai iya ceto masa hotunan.

Doka ma tana da magana. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sa ma'aunin jiki irin na fuska a cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ce inda ake buƙatar izinin yaro, iyaye ko mai riƙonsa ne za su bayar. Ta ɗaga wa mai ajiya don amfanin kansa ko na iyalinsa ƙafa. Makaranta kuwa ba gida ba ce. A ganina, ko babu doka, bai dace a kunna gane fuska a kan hotunan ɗalibai ba sai iyaye sun sani sun yarda.

Wuta, zafi da ƙura

Mun ce za mu dawo kan ƙwarewar injiniyoyin kamfani. Wanda ya bar gidan haya ya gina nasa, in rufi ya yi yoyo shi zai hau. Faifan ajiya yana mutuwa, wani da gargaɗi, wani ba gargaɗi. Google yana ajiye kwafi a wurare daban-daban, shi ya sa mutuwar faifai ɗaya ba ta dame shi ba. Kai kuwa in faifanka ɗaya ne, ka maimaita matsalar wayar aljihu ce kawai a cikin babban akwati. Masu Immich da kansu suna gargaɗin kada a mai da ita ma'ajiya tilo. Ƙa'idar da suke nuni da ita ana kiranta 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani gida daban. Na ƙarshen shi ne maganin gobara da ɓarawo, domin su ba sa barin na kusa. Faifai na biyu da ake cikawa duk wata a kai gidan Gwaggo ya cika wannan sharaɗi, musamman in an kulle shi da kalmar sirri.

Wuta kuma kowa ya san halinta. Ɗauke ta ana tsakiyar rubutu yana iya lalata kundin manhajar. A nan tsohuwar laftof ta fi babbar kwamfutar tebur, domin batirinta zai riƙe ta har a kashe ta cikin natsuwa. Idan tana jan wat 15, a kwana ɗaya wat-awa 360 ke nan, a wata kusan yunit 11, abin da ƙaramar sola za ta ɗauka. Ba dole ba ne ma ta kwana a kunne. Ana iya kunna ta da yamma, wayoyi su sauke kayansu, a kashe. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ma abokan gaba ne, don haka a ɗora ta inda iska ke shiga, a riƙa share mata fanka.

Sai sabunta manhaja a kan kari, da kauce wa buɗe sabar ga duk duniya. Mai son ganin hotunansa daga wani gari ya bi ta ɓoyayyiyar hanya irin ta WireGuard ko Tailscale. Wannan darasi ne na wata fitowar.

Ga wanda duk wannan ya yi wa yawa, akwai digiKam, manhaja ce kyauta da ake sa wa a kwamfuta ɗaya, tana tsara hotuna tana gane fuska ba tare da saba ba. Wanda ba shi da kwamfuta kuma, ya shiga saitin kamarar wayarsa ya kashe adana wuri, ya duba ko haɗa fuskoki a kunne yake a Google Photos ɗinsa. A kuma sani cewa WhatsApp yana matse hoto ya goge EXIF idan an tura shi a matsayin hoto, amma in an tura shi a matsayin fayil, da takardarsa yake tafiya.

Mu a kulob, hotunan ayyukan makaranta suna warwatse a wayoyin malamai da na tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya tafi kuma da nasa yake tafiya. Shawarar da za mu kai wa malamin da ke kula da mu ita ce a ba mu aron kwamfuta ɗaya daga ɗakin kwamfuta mu gwada Immich na zango guda. Za mu fara da hotunan gine-gine, da lambun makaranta, da tsofaffin shafukan wannan allo. Gane fuska zai zauna a kashe har sai hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai sun zauna a kansa. Muna kuma neman a rubuta a takarda wa zai riƙe kalmar sirrin shugaba, wa zai riƙe faifai na biyu, da kuma yadda ɗalibi ko ɗaliba za su ce a cire hotonsu a cire.

Muna son gwada Hausar na'urar ma. Duk mai kalmar da yake ganin za ta kayar da ita, irin su "zabira", "akushi" ko "ɗan kunne", ya rubuta a takarda tare da ajinsa, ya jefa a akwatin da ke ƙarƙashin allon nan kafin ranar Alhamis.